Tambayar Kompaila Ko Gwada Shi: Wace Hanya Za Ka Bi, Kuma da Autoconf, CMake Ko Meson?

A ƙarshen watan Maris na 2024, bayan Andres Freund ya bankaɗo ɓoyayyar ƙofar da aka dasa a cikin xz, manhajar matse fayiloli, siga ta 5.6.0 da 5.6.1, masu bin diddigi sun koma suna karanta duk abin da mai amfani da suna Jia Tan, wanda ya dasa ƙofar, ya taɓa sa wa hannu. Cikin abubuwan da suka tono har da ɗigo guda ɗaya. An ajiye shi shi kaɗai a kan layi, a tsakiyar ɗan guntun kod na C da fayil ɗin CMakeLists.txt ke miƙa wa kompaila, wato manhajar da ke juya kod ya zama abin da na'ura ke iya kunnawa, don a ga ko na'urar tana da Landlock, wato katangar tsaron Linux mai taƙaita abin da manhaja za ta iya taɓawa. Muddin ɗigon nan na wurin, guntun kod ɗin ba zai harhaɗu ba ko a wace na'ura. CMake, kayan aikin da ke tsara ginin manhaja, ya gwada, kompaila ya ƙi, aka rubuta cewa babu Landlock, gini ya wuce lami lafiya. An kashe kariyar, ba abin da ya ce uffan.

Duk manhajar C ko C++ da za a gina a na'urori daban-daban sai ta san iyawar kompailan da ke gabanta. Ya san C++17? Akwai heda kaza, wato fayil ɗin da ke gabatar da abin da ke cikin laburare? Zai karɓi zaɓi kaza? Ana neman amsoshin nan a matakin saiti, kafin ginin ainihi ya soma. Inda gizo ke saƙar shi ne amsar "a'a" fuska biyu gare ta: ko abin babu shi da gaske, ko tambayar ce ta lalace, kuma a allo iri ɗaya suke fitowa. Da wannan ma'auni nake auna kowace hanya da kowane kayan aiki. Idan ya yi kuskure, zai yi ihu ne ko zai yi gum?

Tambayar suna da siga

Hanya mafi tsufa ita ce ka tambayi kompaila ko shi wane ne. Kowane kompaila yana zuwa da makro, wato sunayen da aka riga aka ba wa ƙima, da ke faɗin sunansa da sigarsa, kamar `__GNUC__` na GCC, kompailan GNU, da `_MSC_VER` na MSVC, kompailan Microsoft. Sai ka rubuta cewa in GCC ne daga siga kaza zuwa sama, a yi amfani da abu kaza. Ba ta cin lokaci, ba ta buƙatar wani kayan aiki, kuma kowa ya karanta zai gane.

Aibinta shi ne kompailoli ba sa faɗin gaskiya game da kansu. Clang, kompailan aikin LLVM, yana sanya `__GNUC__` ya zama 4, `__GNUC_MINOR__` kuma 2, wato yana gabatar da kansa a matsayin GCC 4.2 na 2007, komai sabuntarsa. Ya yi hakan ne don tsofaffin manhajoji su karɓe shi, amma sakamakon shi ne sharaɗinka na "GCC 5 zuwa sama" zai mayar da sabon Clang tsoho, ya hana shi abin da ya iya sarai. MSVC kuma yana ba da `__cplusplus` a matsayin 199711L, wato C++98, ko da C++20 yake harhaɗawa, sai an ƙara masa `/Zc:__cplusplus`. Lambobin sigar Clang ɗin da Apple ke rabawa ma ba su yi daidai da na LLVM ba, don haka "Clang 15" abu biyu ne, ya danganta da inda ya fito.

Haka abin yake idan sunan tsarin aiki ka tambaya. Shekara da shekaru masu manhaja suna rubuta cewa in Linux ne babu `strlcpy`, sai su kawo nasu. A yawancin tsarin Linux gaskiya ne tun daga 1998 da OpenBSD ta fito da shi har zuwa 2023, lokacin da glibc, laburaren C da suke amfani da shi, ya shigar da shi a siga ta 2.38. Daga ranar, wasu daga cikin manhajojin nan suka fara cin karo da na laburaren.

Duk da haka ban ce a jefar da hanyar ba. Akwai aiki biyu da ita kaɗai ke yi da kyau. Na farko, kauce wa sanannen kwaro: idan an san GCC siga kaza tana fitar da gurɓataccen kod a wani yanayi, da wuya ɗan gwaji ya kama shi, lambar siga ce mafita. Na biyu, kafa ƙasa. Kanel ɗin Linux, a siga ta 5.15 a 2021, ya ce daga GCC 5.1 zuwa sama kawai yake karɓa, kuma wannan hukunci guda ya ba shi damar share tarin tsofaffin sharuɗɗa. Wanda ya zo da tsohon kompaila ana gaya masa ƙiri-ƙiri a dakatar da shi, ba a lallaɓa a ba shi rabin manhaja.

Makro masu faɗin iyawa

Hanya ta biyu ta fi ta farko hankali. Maimakon ka tambayi suna, sai ka tambayi iyawar kai tsaye a cikin kod ɗinka. Clang ne ya yaɗa salon da `__has_feature` da `__has_builtin` da `__has_attribute` da `__has_include`. GCC ya karɓi `__has_attribute` da `__has_include` a siga ta 5, `__has_builtin` kuma sai a siga ta 10. Ƙa'idar C++17 ta shigar da `__has_include`, C23 ma ta bi sahu. C++20 ta tabbatar da makro masu farawa da `__cpp_`, tare da heda mai suna `<version>` da ke tattara na laburare wuri guda.

Ina son wannan hanya ƙwarai, musamman ga mai rubuta laburaren da wasu za su ɗauka su sa a nasu aikin. Dalili shi ne amsar tana fitowa a daidai lokacin da ake harhaɗa fayil ɗin, da ainihin zaɓuɓɓukan da aka ba kompaila. Ka ɗauka an gina laburarenka da GCC, an adana amsoshin gwaji a `config.h`, sannan wani ya shigo da hedarka cikin aikinsa na Clang a yanayin C++20. Amsoshin da ka adana na wani kompaila ne daban, ba su shafe shi ba. Makro kuwa sabuwar amsa yake bayarwa kowane lokaci. Kuma ba ya ƙara ko daƙiƙa ɗaya a matakin saiti.

Yana da tarkonsa. Samuwar heda ba ta nufin abin da kake nema yana ciki. GCC 8 yana da `<charconv>`, saboda haka `__has_include` zai ce e, amma `from_chars` na lambobi masu ɗigo bai iso ba sai GCC 11. Abin da ya dace ka duba a nan shi ne `__cpp_lib_to_chars`. Sannan makron da kake tambaya da shi ma yana iya zama babu shi a tsohon kompaila, don haka sai ka fara tabbatar da shi a `#ifdef` na kansa, sannan ka yi tambayar a wani `#if` na ciki. Idan ka haɗa su a layi ɗaya da `&&`, tsohon kompaila zai shaƙe a kan bakan da ke biye da sunan da bai sani ba.

Babbar iyakarsa ita ce bai san komai game da linka ba, wato abin da ke haɗa gutsattsarin da aka harhaɗa da laburare su zama manhaja. A GCC 8, `std::filesystem` yana harhaɗuwa tsaf, amma sai ka ƙara `-lstdc++fs` kafin ya haɗu ya zama manhaja. Daga GCC 9 aka daina buƙatar hakan. A wasu na'urori masu bit 32, aikin atomik a kan lamba mai bit 64 yana buƙatar `-latomic`. Babu makron da zai sa maka waɗannan a layin umarni, domin a lokacin da ake karanta makro an riga an tsara layin.

Gwaji na zahiri

Nan ne hanya ta uku ta shigo, wadda Hausawa suka riga suka faɗi hikimarta: gani ya kori ji. Ka rubuta ɗan ƙaramin kod mai amfani da abin da kake nema, ka ba kompaila, ka ga abin da zai faru. Gwajin hawa-hawa ne. Akwai wanda ke tsayawa a harhaɗawa kawai, akwai mai kaiwa ga linka, akwai kuma mai kunna manhajar da aka samu ya duba sakamakonta. Kowane hawa ya fi na ƙasansa gani, kuma ya fi shi saurin karyewa.

Ko gwajin linka yana iya ruɗin mutum. A 2016, macOS 10.12 ta zo da `clock_gettime`, kuma Xcode 8, kayan ginin Apple, ya zo da hedodi da laburaren sabon tsarin. Masu gini da Xcode 8 a kan macOS 10.11 sun ga gwajinsu ya ce akwai fankishan ɗin, domin ya haɗu ba gardama, amma da aka kunna manhajar sai ta faɗi saboda tsohon tsarin ba shi da shi. Gwajin kunnawa kuma yana ba ka labarin na'urar da ake gini a kai ne kawai. Idan ka gwada AVX2, wasu umarnin da ba kowace kwamfuta ke da su ba, a can ya yi aiki, ka kafe shi a manhajar, mai tsohuwar kwamfuta zai samu manhaja mai mutuwa da kuskuren haramtaccen umarni. Tambaya irin wannan ta lokacin aiki ce, da abu kamar `__builtin_cpu_supports` ake yin ta, ba a matakin saiti ba.

Amma babban ciwon gwaji shi ne wanda na fara da shi, kuma ba sai da mugu ba yake faruwa. Clang 16 a 2023 da GCC 14 a 2024 sun mayar da kiran fankishan ba tare da an gabatar da shi ba ya zama kuskure, bayan shekaru yana matsayin gargaɗi, duk da cewa C99 ta cire shi tun 1999. Tsofaffin gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa suna kiran `exit` ba su shigo da `<stdlib.h>` ba, ko su rubuta `main()` ba `int`. Da sabon kompaila sai suka riƙa faɗuwa a kan wannan ɗan laifi, kuma kowace faɗuwa ana karanta ta a matsayin "babu wannan iyawa". Manhaja ta ginu ba ƙorafi, amma ta koma amfani da hanyar ko-ta-kwana mai jinkiri, ko ta rasa wani sashe ɗungurungum. Mutanen Fedora da Gentoo, masu raba tsarin Linux, sun sha aiki kafin sauyin ya iso ga jama'a, suna bin bayanan gini na dubban manhajoji suna neman inda amsa ta juye. GCC 15 a 2025 ya sake motsa ƙasa da ya mayar da C23 yanayinsa na asali, inda `bool` da `true` da `false` suka zama keɓaɓɓun kalmomi, kuma baka biyu wayam a gaban sunan fankishan suke nufin ba ya karɓar komai.

Abin da ya biyo daga nan shi ne kada ka sa `-Werror` a zaɓuɓɓukan da gwaje-gwaje za su gada. Ƙananan kod ɗin gwaji sukan jawo gargaɗi ko da suna daidai, kuma da `-Werror` kowane gargaɗi ya zama "a'a" na ƙarya. Ka ajiye shi sai ginin ainihi.

Gwajin zaɓin gargaɗi ma yana da nasa siddabarun. Ka ba GCC `-Wno-wani-abu` da bai taɓa ji ba, zai karɓa shiru, ba zai ambace shi ba sai in wani gargaɗin ya taso. Clang kuwa gargaɗi kawai yake yi a kan zaɓin da bai sani ba, ya fita da alamar nasara. Gwajin da ke duban lambar fita kawai zai ce "e" a duka biyun. Maganin GCC shi ne a gwada `-Wwani-abu` ba tare da `no-` ba, abin da `cc-disable-warning` na kanel ɗin Linux ya daɗe yana yi.

Autoconf

David MacKenzie ya fara Autoconf a 1991, zamanin da kowane kamfani ke da nasa Unix da nasa kompaila mai nasa halin. Kana rubuta `configure.ac` da makro na harshen M4, a fitar maka da `configure`, rubutaccen umarnin shel mai dubban layuka. Hawa ukun nan suna nan da sunansu: `AC_COMPILE_IFELSE` da `AC_LINK_IFELSE` da `AC_RUN_IFELSE`. Falsafarsa tun asali ita ce a gwada iyawa, kada a tambayi suna, kuma duk sauran daga gare shi suka koya.

Abu biyu nake yaba masa har yau. Wanda zai gina manhajarka ba ya buƙatar Autoconf, shel da `make` da kompaila sun ishe shi, kuma wannan babban abu ne ga manhajojin tushe da ake ginawa kafin komai ya samu a sabon tsari. Na biyu shi ne `config.log`. Idan gwaji ya faɗi, za ka ga layin umarnin, da saƙon kompaila, da cikakken kod ɗin da ya faɗi, duka a jere. Kana kuma iya tilasta amsa daga layin umarni, misali `ac_cv_func_strlcpy=yes`, ba sai ka taɓa fayil ba.

Nauyinsa ma ba kaɗan ba ne. Gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, don haka a kwamfuta mai ƙwaƙwalwa da yawa `configure` yakan fi ginin kansa daɗewa. Dokokin baka na M4 suna wahalar da ko ƙwararre. Ba ya jituwa da MSVC sai da dabaru. Gwajin zaɓin kompaila da na sigar C++ ma ba sa cikinsa, sai ka ɗauko `AX_CHECK_COMPILE_FLAG` da `AX_CXX_COMPILE_STDCXX` daga Autoconf Archive. Tsakanin siga ta 2.69 a 2012 da 2.70 a ƙarshen 2020 shekara takwas aka yi ba sabuwa, kuma tun da kowane ƙunshin manhaja yana ɗauke da nasa kwafin `configure`, gyaran da aka yi a Autoconf ba ya isa gare shi sai an sake fitar da fayil ɗin. Uwa uba, ba mai karanta waɗannan dubban layuka. Ainihin ƙofar xz ta bi ta wani gurɓataccen fayil ne mai suna `build-to-host.m4`, wanda ke cikin ƙunshin da ake rabawa amma babu shi a ma'ajiyar kod. Saboda haka labarin xz ya taɓa Autoconf da CMake duka, ba wanda zai yi wa wani dariya.

CMake

CMake ya fito daga kamfanin Kitware a 2000, Bill Hoffman ya fara shi don aikin ITK, laburaren sarrafa hotunan asibiti, kuma ya samu karɓuwa sosai bayan KDE, babban aikin fuskar kwamfuta ta Linux, ta koma kansa a 2006. A yau shi ne abin da yawancin laburaren C++ ke magana da shi, kuma Visual Studio da Xcode duk gida ne a wurinsa.

Yana da hanya biyu da ya kamata a bambance. Ta farko, `target_compile_features` da suna irin `cxx_std_17`, tana dogara ne da abin da CMake ya riga ya sani game da sunan kompaila da sigarsa, sai ya sa maka zaɓin da ya dace, kuma ya tsayar da saiti in kompailan bai kai ba. Yana kuma isar da buƙatar ga duk wanda ya jingina da laburarenka, abin da nake ganin ya fi komai amfani a nan. Sai dai ka kula da ƙanwarta `CMAKE_CXX_STANDARD`: idan ka sa 20 kuma kompailan bai iya ba, CMake zai sauka zuwa tsohuwar ƙa'ida bai gaya maka ba, sai in ka kunna `CMAKE_CXX_STANDARD_REQUIRED`. Layi ɗaya ne, amma mutane da yawa ba sa sa shi.

Ta biyu ita ce gwaji na gaske, `try_compile` da `try_run` da waɗanda aka ɗora a kansu, irin su `check_c_source_compiles` da `check_include_file` da `check_symbol_exists`. Na ƙarshen nan ya fi `check_function_exists`, domin yana bi ta heda, don haka yana ganin abin da aka bayyana a matsayin makro. Takardun CMake da kansu shi suke ba da shawara. Kowane gwaji ƙaramin aiki ne cikakke da ake ƙirƙira a kira kayan gini a kansa, shi ya sa yake da nauyi, musamman a Visual Studio. Ana ba gwaji zaɓuɓɓuka ta hanyar canza `CMAKE_REQUIRED_FLAGS` da `CMAKE_REQUIRED_LIBRARIES`, waɗanda ke nan daram har sai ka mayar da su, don haka abin da ka sa wa gwaji na uku yana iya lalata na bakwai.

Abin da ya fi cizon sababbi shi ne ma'ajiya. Amsa tana shiga `CMakeCache.txt` a ƙarƙashin sunan da ka ba ta, kuma ba a sake gwajin ko ka gyara kod ɗinsa. Na taɓa ɓata rabin yini ina gyaran gwajin da ya riga ya gyaru, ina ganin tsohuwar "a'a" tana dawowa, kafin na tuna in share ta. Wajen bincike kuma, daga siga ta 3.26 a 2023 an tattara bayanan gwaji a `CMakeConfigureLog.yaml`, wanda ya fi tsofaffin `CMakeError.log` da `CMakeOutput.log` tsari nesa ba kusa ba.

Meson

Meson na Jussi Pakkanen shi ne ƙaraminsu, ya fito a 2013, an rubuta shi da Python, yana gini da Ninja, kayan gini irin `make`. GNOME da systemd da Mesa sun koma kansa, QEMU ta bi a 2020, PostgreSQL kuma ta ƙara shi a siga ta 16 a 2023. Kana karɓar kompaila da `meson.get_compiler('c')`, sai ka tambaye shi da `compiles` ko `links` ko `run` ko `has_header` ko `has_function`. Kowane gwaji yana karɓar nasa zaɓuɓɓukan a cikin kiransa, ba abin da ke malala zuwa na gaba. Yana kiran kompaila kai tsaye, don haka ya fi sauri, kuma ma'ajiyarsa tana la'akari da kod ɗin da zaɓuɓɓukan, in ka canza ɗaya a sake gwaji. `get_supported_arguments` yana tace maka jerin zaɓuɓɓuka a layi ɗaya, kuma ya san siddabarun `-Wno-` na GCC.

Abin da ya sa nake fifita shi a wannan fage na musamman shi ne zaɓinsa mai hali uku: `enabled` da `disabled` da `auto`. Idan ka ɗaura gwajin heda ko na laburare a kan irin wannan zaɓi ta `required`, to `auto` zai bi abin da ya samu, `enabled` kuwa zai tsayar da komai in gwaji ya faɗi. Mai haɗa manhajoji don rabawa yana iya cewa `-Dauto_features=enabled`, sai kowane "a'a" mai shiru ya zama kuskure mai ƙara. Da gwajin Landlock na xz yana ƙarƙashin tsari irin wannan, kuma masu rabawa sun kunna shi, da ɗigon ya tsayar da gininsu a ranar farko. Kana iya gina makamancin haka a CMake da `message(FATAL_ERROR)`, ko a Autoconf da `AC_MSG_ERROR`, amma da hannu za ka yi wa kowane gwaji, kuma kowane aiki da irin nasa salon.

Kuɗin da za ka biya shi ne sai akwai Python da Ninja a na'urar gini, harshensa ba ya barin ka ƙirƙiri fankishan naka, don haka dogon gwajin da kake maimaitawa sai madauki, kuma a duniyar C++ ta Windows bai kai CMake jama'a ba.

Idan na'urar gini daban, ta aiki daban

Mai gina wa ARM ko RISC-V daga kwamfutar x86 ba zai iya kunna abin da ya gina ba, don haka hawa na uku ya rushe. Tsofaffin sigogin Autoconf sun yi ƙaurin suna a nan: `AC_FUNC_MALLOC` yakan zaci mafi muni, ya sauya `malloc` da `rpl_malloc` da ba a kawo ba, gini ya faɗi a wurin linka. `AC_RUN_IFELSE` yana da gurbi na huɗu don amsar irin wannan yanayi, wanda in ka bar shi wayam saiti zai tsaya. CMake yana rubuta `TryRunResults.cmake` ya ce ka cike amsoshin da kanka, ko ka ba shi makwaikwayi kamar QEMU ta `CMAKE_CROSSCOMPILING_EMULATOR`. Meson yana da fayil guda na bayanin na'urar da ake gina wa, inda kake sa `exe_wrapper` da amsoshin da ka riga ka sani, kuma shi ya fi tsabta a cikin ukun.

Abin sha'awa, tambayoyi da yawa da ake zaton sai an kunna manhaja ba sa buƙatar hakan. Don sanin girman `long`, Autoconf yana rubuta jeri wanda girmansa zai zama ƙasa da sifili in zaton bai yi daidai ba, sai ya riƙa matse tazara har ya cafke lambar, duk da harhaɗawa kawai. CMake kuma yana sa kompaila ya rubuta girman cikin fayil ɗin da ya fitar, sannan ya karanto shi. Kafin ka rubuta gwajin kunnawa, ka tsaya ka duba ko `static_assert` zai amsa maka tambayar.

To wanne za ka ɗauka?

Kafin zaɓen kayan aiki, ka rage tambayoyin. Yawancin gwaje-gwajen da ake kwafa daga tsofaffin ayyuka, irin su ko akwai `<stdlib.h>` ko kompaila ya san `const`, amsarsu ɗaya ce a duk na'urar da za ka taɓa gani, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka yanke mafi ƙanƙantar ƙa'idar da kake karɓa, C11 ko C++17 misali, ka sa saiti ya tsaya cak in ba a kai ba. Abin da ya rage na harshe da laburarensa, ka bar wa makro. Gwaji na zahiri ka keɓe shi ga abin da makro ba ya gani: fankishan na tsarin aiki, laburaren da sai an ƙara wa linka, da zaɓuɓɓukan kompaila.

Idan laburare kake rubutawa wanda hedodi ne zalla, makro kaɗai ya ishe ka, kada ka ɗora wa masu amfani da shi matakin saiti. Idan sabon aikin C ne mai zama a Linux da dangin BSD, mai sassa da yawa na ganin dama, Meson zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Idan C++ ne da dole ya yi aiki a Windows da macOS, ko wanda wasu za su jawo cikin nasu aikin, CMake ne, tare da `target_compile_features` da `check_symbol_exists`, da al'adar share kundin gini duk lokacin da ka taɓa gwaji. Idan kuma ka gaji aiki mai lafiyayyen Autoconf, ban ga dalilin gaggawar ƙaura ba. Gwaje-gwajen nan suna ɗauke da darussan na'urorin da ba ka taɓa gani ba, kuma a wajen ƙaura ne ake zubar da su ba a sani ba. Ka sabunta zuwa 2.72, ka sake fitar da `configure` daga tushe, ka gyara gwaje-gwajen da ka rubuta da hannu su zama C mai inganci.

Ko wanne ka ɗauka, akwai aiki guda da nake roƙon ka ƙara. A na'urar da ke gwada gininka kai tsaye, inda ka san abin da ke ciki, ka adana kwafin `config.h` da ka karanta layi-layi ka yarda da shi. Duk lokacin da aka yi saiti, a kwatanta sabon da adanannen da `diff`, in sun saɓa gini ya tsaya. Ka yi wa GCC nasa kwafin, Clang nasa, sannan ranar da za ka ɗaga sigar kompaila ka fara da karanta bambancin kafin ka taɓa komai.